Ƙafafun da Suka Ƙi Barci: Tarihin Ciwon da Ya Ɓuya a Bayan Amosanin Gaɓɓai

Akwai wani ciwo da ba ya zuwa sai mutum ya kwanta. Da rana mai shi yana harkokinsa kamar kowa. Da zarar dare ya yi, ya miƙe a shimfiɗa, sai wani abu ya fara yawo a cikin ƙafafunsa, can ciki, galibi tsakanin gwiwa da idon sawu. Wani ya ce kamar tururuwa ke tafiya a cikin tsokar, wani ya ce kamar tsutsa, wani kuma ya ce kamar ana jan jijiyar ne a hankali. Ya bambanta da minjirya, kuma susa ba ta kai wa gare shi. Abu ɗaya ke kawo sauƙi nan take, shi ne motsi. Sai mutum ya miƙe ƙafa, ya naɗe, ya tashi ya yi ta zagaye ɗaki. Yana komawa shimfiɗa abin ya dawo.

Likitoci a yau suna kiran wannan lalura ciwon rashin natsuwar ƙafafu, wasu kuma su ce cutar Willis da Ekbom. A ƙasashen Turai da Amurka, inda aka fi ƙirga masu ita, mutum 5 zuwa 10 cikin 100 na manya suna jin alamunta, 2 zuwa 3 cikin 100 kuma tana damunsu sosai har su buƙaci magani. Mata sun ninka maza kusan sau biyu. A cikin masu amosanin gaɓɓai mai kumburi kuwa, adadin ya haura haka nesa ba kusa ba. Duk da wannan yawa, sai da aka shafe kusan shekara 300 kafin ciwon ya sami suna, aka kuma ƙara wasu shekaru 40 kafin a lura da shi a jikin masu ciwon gaɓɓai.

Likitan Ingila da ya fara rubutawa

Thomas Willis likita ne ɗan Ingila da aka haifa a 1621, ya rasu a 1675. Ya yi karatu kuma ya koyar a Oksfod, daga baya ya koma Landan. Ɗaliban likitanci har gobe suna haddace sunansa, domin da shi ake kiran zoben jijiyoyin jini da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wanda ya yi bayaninsa a littafinsa na 1664.

A 1672 ya fitar da wani littafi da harshen Latin mai suna De Anima Brutorum. A ciki ya ba da labarin wasu mutane da idan sun kwanta barci sai hannuwansu da ƙafafunsu su riƙa zabura, jijiyoyinsu na fizga, su kwana suna juye-juye. Ya kwatanta halin da suke ciki da na wanda aka jefa gidan azaba. Bayanin ya fito da Ingilishi a 1685, shekara 10 bayan rasuwarsa. Willis ya ɗauki abin a matsayin matsalar jijiyoyi, ya kuma yi amfani da ruwan ofiyom wajen kwantar da ita. Abin mamaki shi ne, har yau likitoci suna komawa ga dangin wannan magani, da ƙaramin awo kuma da sa ido sosai, idan ciwon ya gagari sauran magunguna.

Bayan Willis sai zancen ya yi sanyi. Likitan Faransa Boissier de Sauvages ya ambaci irin wannan damuwa ta ƙafafu a 1763. A 1861 wani likitan Jamus, Theodor Wittmaack, ya raɗa mata suna da Latin mai ma'anar fargabar ƙwauri, ya kuma jefa ta cikin rukunin cututtukan da a wancan zamani ake dangantawa da raunin zuciya da ruɗanin tunani, musamman na mata. Wannan hukunci ya daɗe yana bin masu ciwon. Dalilin kuwa a fili yake. Mara lafiya yana zuwa wurin likita da rana, lokacin da ƙafar ta kwanta. A duba ba kumburi, ba zazzaɓi, ba rauni, ƙarfin ƙafa lafiya lau. Abin da ya rage sai bakin mai ciwo, shi kuma ba ya da kalmar da zai faɗi abin da yake ji. Sai a 1923 ne Hermann Oppenheim na Jamus, a wani bugu na littafinsa da ya fito bayan rasuwarsa, ya lissafa ta cikin cututtukan jijiyoyi tare da nuna cewa tana bin dangi.

Ekbom da Nordlander

Wanda ya fitar da ciwon daga duhu shi ne Karl-Axel Ekbom, likitan jijiyoyi ɗan Suwidin, wanda ya rayu daga 1907 zuwa 1977. A 1944 ya wallafa rahotonsa na farko, a 1945 kuma ya gabatar da kundin digirinsa na dakta a kan wannan lalura, inda ya ba ta sunan da duniya ke amfani da shi yanzu, wato ƙafafu marasa natsuwa. Ba wata na'ura ya ƙirƙiro ba. Tambayar mutane ya yi ta yi, masu lafiya da marasa lafiya, yana rubuta amsoshinsu. Da haka ya kiyasta cewa kusan mutum 5 cikin 100 suna da ita, ya lura tana yawan kama mata masu juna biyu, tana bin dangi, kuma tana tafiya da ƙarancin jini.

Wannan magana ta ƙarshe ce wani ɗan ƙasarsa, Nils Brage Nordlander na Uppsala, ya ɗauka. A 1953 ya ba da rahoton cewa ya yi wa masu ciwon allurar sinadarin ƙarfe ta jijiya, kuma mafi yawansu sun sami sauƙi, har da waɗanda gwaji bai nuna suna da ƙarancin jini ba. Daga nan ya yi hasashen cewa ƙarfen yana iya yin ƙaranci a wasu sassan jiki ko da jini ya nuna lafiya. Mai karatu ya riƙe wannan shekara ta 1953, domin za mu dawo gare ta. A lokacin dai duniyar likitanci ba ta mai da hankali ba.

A tsakiyar shekarun 1960 Elio Lugaresi da abokan aikinsa a Bolonya ta Italiya suka kwantar da masu ciwon a ɗakin gwajin barci, suka manna musu wayoyi a kai da ƙafafu. Na'ura ta nuna cewa ko bayan barci ya ɗauke su, ƙafafun suna ci gaba da fizga, jefi-jefi, kusan kowane daƙiƙa 20 zuwa 40, suna tsinka barcin ba tare da mai shi ya sani ba. A karon farko abin da ake ta cewa tunani ne kawai ya bar zane a kan takarda.

Ɗaya ciwon, mai ƙarar murya

Amosanin gaɓɓai mai kumburi yana da nasa tarihin. A 1800 wani matashin likita, Augustin Jacob Landré-Beauvais, ya rubuta kundinsa a kan wasu mata talakawa da ke kwance a asibitin Salpêtrière na birnin Faris, waɗanda gaɓɓansu suka kumbura suka lanƙwashe. Ya nuna cewa ciwonsu ya bambanta da gawut, wanda aka sani da kama maza masu hali. A 1859 Alfred Garrod na Landan ya ba ciwon sunan da ake kiransa da shi, rumatoyid.

Wannan ciwo daban yake da amosanin tsufa, inda guringuntsi ke zaizayewa sannu a hankali. A nan garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa tantanin da ya lulluɓe gaɓa, ta kumbura shi, har ta kai ga cin ƙashi. Yana da 'yan uwa: wanda ke sandarar da ƙashin baya, da wanda ke zuwa tare da ciwon fata na soriyasis.

Ƙarni na 20 ya kawo wa masu wannan ciwo nasarori manya. A watan Satumba na 1948, a asibitin Mayo na Amurka, Philip Hench ya yi wa wata mata da ciwon ya kwantar allurar kotizon, cikin 'yan kwanaki ta tashi ta yi tafiya. A 1950 shi da Edward Kendall da Tadeus Reichstein suka karɓi kyautar Nobel. A 1988 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da metotireksat don wannan ciwo, wanda har yau shi ne ginshiƙin magani. A ƙarshen shekarun 1990 kuma aka samu magungunan da ke toshe sinadarin kumburi mai suna TNF, bayan aikin Ravinder Maini da Marc Feldmann a Landan.

Duk tsawon wannan lokaci abin da likita ke aunawa shi ne abin da ido ke gani da rana: gaɓa nawa ta kumbura, me hoton ƙashi ya nuna, me jini ya ce. Idan mara lafiya ya yi kukan rashin barci, amsa a shirye take: ai ciwon gaɓɓai ne ke hana ka. Sau da yawa kuma gaskiya ne. Sai dai ba kullum ba.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu

A 1986 Reynolds da abokansa suka wallafa wani gajeren rahoto a mujallar ƙungiyar likitocin Birtaniya. Sun tambayi masu rumatoyid game da ƙafafunsu da dare, suka tarar kusan kashi 30 cikin 100 suna da alamun rashin natsuwar ƙafafu. A 1994 Salih da abokansa, su ma a Ingila, suka samu kusan mutum 1 cikin 4 na masu rumatoyid, alhali a cikin masu amosanin zaizayewa da suka gwada da su adadin ƙalilan ne. A 2009 Regina Taylor-Gjevre da abokan aikinta a lardin Saskacewan na Kanada suka sake samun fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Nasu binciken ya zo da ƙarin abu biyu. Masu amosanin zaizayewa ma adadinsu ya yi kusa da haka, saɓanin abin da aka gani a 1994, kuma a cikin duk waɗanda suka cika alamun, ƙalilan ne aka taɓa gaya musu sunan abin da ke damunsu.

Me ya sa ciwon ya iya ɓuya haka? Domin cututtukan biyu suna kama da juna ta fuskar da ke ruɗa mai sauraro. Dukansu suna tsananta idan an daɗe a zaune ko a kwance, dukansu kuma motsi yana rage su. Mai amosanin ƙashin baya ma ciwonsa na tashinsa a rabin dare na biyu, sai ya miƙe ya taka kafin ya ji dama.

Bambancin yana cikin lokaci da wuri. Ciwon amosani yana zaune a gaɓa, ana iya nuna shi da yatsa, ya fi tsanani da asuba, kuma sandarewar safiya takan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a guda ko fiye kafin ta saki. Rashin natsuwar ƙafafu kuwa yana cikin tsoka, yana farawa da yamma ko farkon dare, ya lafa idan gari ya kusa wayewa. Sauƙinsa yana zuwa nan take da motsi, ya gushe nan take da tsayawa. Wanda ya haɗa biyun, ɗaya ya hana shi farkon dare, ɗaya ya karɓe shi da asuba.

Ƙungiyar masana ta duniya da ke nazarin ciwon ta fitar da sharuɗɗa huɗu na gane shi a 1995, aka gyara su a 2003. A bugun 2014 aka ƙara na biyar, wanda ya ce dole a tabbatar alamun ba wani ciwo ne kaɗai ya haifar da su ba, kuma amosanin gaɓɓai yana cikin waɗanda aka ambata da suna. Wannan ya nuna kuskuren yana iya faɗawa ta kowane ɓangare. Ana iya ɗaukar rashin natsuwa a matsayin amosani, ana kuma iya ɗaukar amosani a matsayin rashin natsuwa, wanda zai sa alƙaluman wasu binciken su kumbura.

Sirrin ƙarfe

Sai a ƙarshen ƙarni aka koma ga zaren da Nordlander ya bari. A 1994 Shaun O'Keeffe da abokansa suka nuna cewa a cikin tsofaffi, gwargwadon ƙarancin feritin a jini, wato sinadarin da ke ajiye ƙarfe, gwargwadon tsananin ciwon. A 2000 da 2001 Christopher Earley da Richard Allen na jami'ar Johns Hopkins suka gano ƙarancin ƙarfe a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da kuma a wani sashe nata, har a jikin waɗanda jininsu ya nuna ba matsala. Ƙwaƙwalwa tana buƙatar ƙarfe wajen sarrafa dofamin, sinadarin da ke da hannu a tafiyar da motsi.

A daidai wannan lokaci aka gano hepsidin, wani sinadari da hanta ke fitarwa, wanda shi ne mai gadin ƙarfe a jiki. A 2004 Elizabeta Nemeth da Tomas Ganz na Los Anjelis suka nuna cewa sinadarin kumburi mai suna IL-6 yana sa hanta ta ƙara fitar da hepsidin, shi kuma ya rufe ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji da ma'ajiyar jiki zuwa jini. Ga mai fama da ƙwayar cuta ta 'yan kwanaki wannan dabara ce mai amfani, domin ƙwayoyin cuta ma suna son ƙarfe. Ga mai amosanin da kumburinsa ke ɗaukar shekaru kuwa, ƙofar takan daɗe a rufe. Ƙari a kan haka, magungunan kashe raɗaɗi irin su ibuprofen da diclofenac suna iya jawo zubar jini kaɗan-kaɗan daga ciki ba tare da an lura ba.

Akwai kuma wani tarko. Feritin yana hawa idan akwai kumburi a jiki. Saboda haka gwajin mai amosani yana iya nuna ajiyar ƙarfe ta wadata alhali ba haka ba ne. Shi ya sa likitoci ke haɗawa da wani gwaji da ke nuna yawan ƙarfen da ke yawo a jini. Masana suna ganin wannan sarƙa ta kumburi da ƙarfe tana cikin manyan dalilan haɗuwar cututtukan biyu, tare da lalacewar ƙananan jijiyoyin ƙafa da amosani kan jawo.

Garin neman ƙiba

Kafin a kai ga wannan fahimta an bi wata doguwar hanya. A 1982 Şevket Akpınar, likita a Turkiyya, ya ba da rahoton cewa lebodofa, maganin cutar Fakinsin, yana kwantar da ƙafafun. Sauƙin yana zuwa tun daren farko, sai likitoci suka runguma. A 1996 Allen da Earley suka yi gargaɗin cewa bayan wani lokaci maganin yana ƙara rura ciwon: ya fara zuwa tun da rana, ya ƙara tsanani, ya haura zuwa hannuwa. A ƙara awo, abin ya ƙara muni.

Duk da haka, a 2005 Amurka ta amince da ropinirole, a 2006 kuma pramipexole, dukansu masu kwaikwayon dofamin, aka cika talabijin da tallarsu. A wannan shekara ta 2006 likitoci biyu, Steven Woloshin da Lisa Schwartz, suka wallafa sharhin da ya zargi kafafen yaɗa labarai da taimaka wa kamfanin magani wajen zuzuta yawan masu ciwon. Suna da hujja a kan tallar, amma ƙurar da ta tashi ta sake jefa masu ciwon na gaske cikin tsohon zargin Wittmaack, har abin ya zama na barkwanci. A 2007 bincike biyu, ɗaya ƙarƙashin Juliane Winkelmann a Jamus, ɗaya a Aisland, suka gano ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon, ciki har da MEIS1 da BTBD9. Abin da Oppenheim da Ekbom suka lura da shi a cikin dangi ya tabbata.

Da shekaru suka tafi, illar magungunan dofamin ta ƙara bayyana. Ban da rura ciwon, wasu masu shan su sun faɗa caca da sayayya ba kan gado. A 2024 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da sabon jagora da ya janye su daga sahun gaba. A madadinsu ya sa gabapentin da danginsa, ya kuma ce a auna ƙarfen kowane mai ciwon, a ƙara masa idan feritin bai wuce maikirogiram 75 a lita ba, ko ta baki ko ta jijiya. Shekara 71 ke nan bayan rahoton Nordlander.

Abin da dare ke ci

Rashin barci ga mai amosani ya wuce gajiya. A 1989 Daniel Buysse da abokansa a jami'ar Pittsburgh suka tsara ma'aunin ingancin barci mai tambaya 19, makinsa daga 0 zuwa 21, wanda duk ya haura 5 ana lissafa barcinsa mara kyau. Da aka riƙa amfani da shi a asibitocin gaɓɓai sai aka yi ta samun rabi ko fiye na marasa lafiya sun haura wannan iyaka. A 2012 Michael Irwin da abokansa a Los Anjelis suka hana masu rumatoyid barci na rabin dare ɗaya kacal. Washegari raɗaɗi da gajiya da yawan gaɓɓan da ke ciwo duk sun ƙaru fiye da na masu lafiya da aka yi wa haka. Ciwo na hana barci, rashin barci na ƙara ciwo. Idan ba a gane cewa ƙafafu na da hannu ba, sai a yi ta ƙara maganin amosani mai tsada da illa a kan abin da ba shi ne ya jawo ba.

A Afirka an fara ƙirga. Wani bincike na gida-gida a arewacin Tanzaniya da aka wallafa a 2010 ya samu ƙasa da mutum 1 cikin 1,000. Wani da aka yi a kan tsofaffi a Ilesa, wanda ya fito a 2016, ya samu tsakanin 3 da 4 cikin 100. Shi ma rumatoyid, Brian Greenwood ya ruwaito daga Ibadan a ƙarshen shekarun 1960 cewa bai cika yawa ba, amma yau asibitocin koyarwa na Najeriya suna ganin masu shi a kai a kai. Abubuwan da ke tayar da ƙafafun kuwa suna kusa da mu: ƙarancin jini ga masu ciki da masu jego, ciwon ƙoda, goro da shayi da kofi da daddare, da magungunan mura masu sa barci irin su Piriton, waɗanda mutum kan sha don ya runtsa su kuma ƙara tayar masa da ƙafa. Ƙwayar ƙarfe ma ba a sha da ka, sai an auna, domin yawansa guba ne, musamman ga mai sikila da ake yawan ƙara wa jini.

Har yau babu hoto ko gwajin jini da ke tabbatar da wannan ciwo. Kayan aikin dai su ne irin na Ekbom a 1945. Kana jin dole sai ka motsa ƙafafunka? Abin yana zuwa ne idan ka zauna ko ka kwanta? Yana sauƙi idan ka tashi ka taka? Ya fi tsanani da yamma ko da dare? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk mai ciwon gaɓɓai da ya amsa e ga huɗun nan, ya kamata ya faɗa wa likitansa da bakinsa, ko ba a tambaye shi ba.